Dodon Kunne: Tarihin Koyon Leƙa Rami Mai Duhu

Duk Bahaushe ya san maganar ga: “Kai, rage rediyon nan, za ka fasa muna dodon kunne.” Muna faɗinta kullum, amma a cikinmu wa ya taɓa ganin dodon? Faransawa suna ce mishi tympan, daga kalmar Girkanci mai nufin ganga. Ingilishi ma ganga suke kiran shi. Mu kuwa munka ce dodo. A matsayina na mai karatun ilimin harshe, ina ganin sunanmu ya faɗi wata gaskiya da nasu bai faɗa ba. Su sun duba aikin abin, mu mun duba halinshi: yana can cikin rami, kamar dodon koɗi cikin ɓawonshi, an san da shi amma ba a ganin shi.

Yanzu a wasu jami’o’in duniya ana koya ma ɗaliban likitanci duba kunne ta intanet, da kunnen kwaikwayo da hotuna, kafin su taɓa ɗan Adam. Ina so in bi tarihin abin daga tushe, don mu ga wace matsala aka daɗe ana kokowa da ita, kuma mi wannan sabuwar dabara za ta iya yi ma gari kamar namu Badagishiri.

Ido ɗaya ke shiga

Ramin kunnen babban mutum tsawonshi wajen santimita 2 da rabi ne, kuma a karkace yake. A ƙarshenshi dodon yake: ƴar fata mai faɗin kusan santimita 1, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska da ƙasusuwa uku ƙanana, da wata ƴar hanya mai sauka zuwa bayan hanci. Ga yara hanyar nan gajera ce kuma kusan a kwance take, shi ya sa mura ke saurin hawa kunnensu. Mugunya ta taru bayan dodon, yaro ya kwana kuka da zazzaɓi, in abin ya yi yawa dodon ya fashe, kunne ya fara ruwa.

Mai son ganin wannan wuri yana da matsala uku. Ramin a karkace, sai an miƙar da shi. Akwai duhu, sai an kai haske, alhali kan mai leƙen shi ke tare hasken. Ta ukun ita ce ta malamai: ido ɗaya ke shiga a lokaci guda. Malamin da ke koyar da ciwon fata yana iya tara ɗalibai goma ya nuna da yatsa. Malamin kunne sai dai ya leƙa, ya ja da baya, ya ce ma ɗalibi “duba”. Ɗalibi ya leƙa ya ce “na gani”, ko da dauɗar kunne kawai ya gani, don kar a ce bai iya ba. Ba mai iya ƙaryata shi.

Neman haske

Tun a 1363 likitan Faransa Guy de Chauliac ya yi bayanin ƙarfen buɗa ramin kunne a littafinshi na fiɗa, amma hasken rana aka dogara da shi ɗaruruwan shekaru. A 1821 Jean Itard, likitan makarantar kurame ta Paris, ya fitar da babban littafi kan cututtukan kunne da na ji. A 1838 Ignaz Gruber na birnin Biyana ya ƙera ɗan mazurari na ƙarfe da ake zurawa cikin kunne, irin siffar da muke gani har yau.

Wanda ya warware maganar haske likitan wani ƙaramin gari ne a Jamus, Friedrich Hofmann, a 1841. Ya ɗauki madubi mai zurfin ciki ya huda shi a tsaka. Madubin ya tattara haske ya jefa cikin kunne, shi kuwa ya leƙa ta hudar. Mutane ba su damu da dabarar ba sai da Anton von Tröltsch ya yayata ta daga 1855. A 1864 Emil Siegle ya ƙara hanyar hura iska, don a ga ko dodon na motsi. In akwai ruwa bayanshi, ba ya motsawa sosai. A 1865 John Brunton a Ingila ya bayyana na’urar da ta haɗa mazurari da madubi da gilashin ƙara girma wuri guda. Daga baya lantarki da pil sunka shigo, aka samu abin da muke gani hannun lokotoro yau, mai kama da tocila, wanda ake kira otoskop.

Ita kanta kalmar akwai abin dariya cikin tarihinta. Ma’anarta da Girkanci “duba kunne”. Amma Joseph Toynbee, babban masanin kunne na Landan, da ya yi amfani da ita, wani tiyo yake nufi, wanda likita ke sa baki ɗaya a kunnen majinyaci, ɗayan a nashi kunnen, ya saurara. Wato da farko sauraren kunne ake yi da abin da sunanshi ke cewa dubawa. Daga baya sunan ya koma kan na’urar leƙe. A nan kam gani ya kori ji, ba da karin magana ba.

Kunnen takarda, jaririn tsumma

Samun haske bai warware matsalar malamai ba. Wanda ya tunkare ta gadan-gadan shi ne Adam Politzer, shi ma a Biyana. Ya iya zane, sai ya riƙa leƙa kunnen majinyata yana zana abin da ya gani da launi. A 1865 ya buga kundin hotunan dodon kunne, mai lafiya da maras lafiya. A 1873 anka buɗe asibitin koyarwa na kunne a jami’ar Biyana, na farkon irinshi, likitoci sunka riƙa zuwa daga ƙasashe da dama suna koyo wurinshi. Da kundin nan ɗalibi ya samu damar ganin dodo mai huda, da mai kumburi, da mai tabo, tun kafin ya gamu da su ga mai rai. Ni a wurina nan ne koyar da duban kunne ta kwaikwayo ya soma, a kan takarda.

Koyo a jikin abin kwaikwayo kuwa ya girmi haka. A 1759 sarkin Faransa Louis na 15 ya ba wata ungozoma, Angélique du Coudray, izinin zagaya ƙasar tana koya ma matan ƙauye karɓar haihuwa. Ta ɗinka ƙugun mace da tsumma da fata, da jaririn tsumma, ta yi kusan shekara 25 tana yawo da su. Ɗaya daga cikinsu na nan ajiye a gidan tarihi a birnin Ruwan na Faransa. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, mutum-mutumin da ake koyon farfaɗo da numfashi a kanshi. Hikimar guda ce: bari kuskuren farko ya faɗa kan tsumma ko roba.

Ku lura da du Coudray da kyau. Ba ta zauna Paris tana jiran manyan likitoci ba, wurin waɗanda ke karɓar haihuwar a ƙauyuka ta kai kayanta. Zan dawo kan wannan.

A ƙasarmu fa?

Kafin zuwan Nasara, ciwon kunne aikin gida ne da na masu magani da wanzamai. Har gobe ana ɗiga man gujiya ko turare ko ruwan ganye, ana sosawa da gashin kaza ko tsinken ashana. Wanzami gwani ne a abin da ido ke gani kuma hannu ke kai gare shi, kamar ƙaho da kaciya, kuma ɗanshi na koyo tsaye a gefenshi. Dodon kunne ya fi ƙarfin irin wannan koyo, tunda ba wanda zai iya nuna ma wani shi.

Turawan mulkin mallaka sun buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918, don dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Waɗanda sunka fito can mataimakan likita anka fara kiransu. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, a can ya gama a 1925. A yankinmu, mishan na SIM sun buɗe asibitin Galmi a 1950, a cikin abin da yanzu ya zama departaman Malbaza. Jami’ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973, makarantar kimiyyar lafiya ta biyo a 1974, sai a 1992 anka sa ma jami’ar sunan Abdou Moumouni. Yau jami’o’in Maraɗi da Damagaram su ma suna horar da likitoci. Wato horar da likita a cikin Nijar bai daɗe da cika shekara 50 ba.

To amma yaron Badagishiri da kunnenshi ke ruwa, wa yake gani? Tsarin lafiyarmu hawa-hawa ne: kaz ta ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma a Ilela, sai babban asibitin jiha a Tawa, sannan manyan asibitocin ƙasa. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Mafi yawan kunnuwan yaranmu a hawa na ɗaya da na biyu ake yanke musu hukunci, hannun majo ko ma’aikacin kaz. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji, na watan Maris 2021, ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ƙwararren likitan kunne, hanci da maƙogwaro guda ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya.

Ga wani abin da ya ja hankalina. Tsarin duba yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sunka fito da shi a shekarun 1990, wanda ma’aikatanmu ke kira PCIME, bai dogara da otoskop ba a sashen kunne. Ma’aikaci zai tambayi uwa: kunnen na ciwo? Yana ruwa? Tun yaushe? Sai ya duba ko mugunya na fitowa, ya taɓa bayan kunne ko akwai kumburi mai zafi. In ruwan ya kai kwana 14 ko fiye, ciwon ya zama daɗaɗɗe. In akwai kumburi a baya, a tura yaro gaba da gaggawa. An tsara shi haka ne don wuraren da babu na’ura. Ma’ana, a irin garuruwanmu, da baki ake duba kunne. Toynbee da tiyonshi bai yi muna nisa ba.

“Yaron ga ba ya ji”

Kalmar “ji” a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Da ita muke jin sauti, mu ji Hausa, mu ji zafi, mu ji magana. In anka ce yaro ba ya ji, kusan kowa rashin biyayya zai fahimta. Ga kunnen ƙashi, ga kunnen uwar shegu, ga jan kunne. Harshen namu ya riga ya ɗora laifi kan yaro kafin wani ya leƙa kunnen.

Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya maimaita aji biyu a firamare. A gida a ce mishi mai kunnen ƙashi, a lakwal a zaunar da shi can baya cikin marasa ƙoƙari. Tun yaye kunnenshi ke ruwa, ya tsaya ya dawo, har anka saba da abin kamar majina. Sau da yawa an kai shi an amso maganin ɗigawa ba tare da an leƙa ba. Sai da ya kai shekara 10 wani lokotoro ya sa otoskop ya ga huda a dodon kunnuwan duka biyu. An yi magani ruwan ya tsaya, an maido shi bencin gaba. Shekarun da ya yi yana kallon bakin malami bai jin rabin abin da ake faɗi, su kam sun tafi.

Mu da ke karatun harshe mun san shekarun farko su ne na kama magana. Yaron da ke jin Hausa da ƙyar, sannan a zuba mishi Faransanci a aji mai cunkoso, an haɗa mishi zafi biyu. Wancan rahoto na 2021 ya ce sama da mutum miliyan 430 a duniya na da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da ake iya kaucewa ne. Mu nan ga sanƙarau, wanda ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar a 2015, kuma yakan bar wasu da kurumta. Ga baƙon dauro. Kunne mai ruwa kuma in anka bar shi, cutar na iya cin ƙashin bayan kunne ta kai ga ƙwaƙwalwa. Hatta maganin ɗigawa, akwai wanda bai dace da dodo mai huda ba, don yana iya ratsawa ya lalata jin gaba ɗaya. In ba a leƙa ba, ta ina za a sani?

Dodo ya shiga intanet

Kar mu zaci mai otoskop a hannu ya gama. A 2001 Michael Pichichero da Michael Poole a Amurka sun wallafa wani gwaji: an nuna ma likitoci bidiyon dodon kunne, an ce su faɗi cutar. Likitocin yara sun dace a kashi 50 cikin 100, ƙwararrun kunne a kashi 73. Ƙasar da ke da kayan aiki ke nan. Ido sai ya ga ɗaruruwan dodanni kafin ya iya bambanta jan da kuka ya kawo da jan cuta, ɗalibi kuwa yana iya gama sitaj ɗinshi na ƴan makonni bai ga ko kaɗan daga cikinsu ba.

Wannan giɓi ne likitoci biyu na asibitin yara na Toronto a Kanada, Vito Forte da Paolo Campisi, sunka nemi cikewa da na’urar OtoSim wajen 2011. Kunnen roba ne, a ƙarshen raminshi akwai ɗan allo mai nuna hoton dodon gaske. Ɗalibi ya leƙa da otoskop, malami yana ganin hoton nan dai a kwamfuta, ya zagaye hudar ya ce “ga ta nan”. Malami da ɗalibi sun samu abin da Politzer ya yi ta nema da burushinshi, wato su kalli abu guda a lokaci guda. Daga baya an yi irin wanda ke aiki da wayar hannu. Da korona ta rufe makarantu a 2020, har da namu a watan Maris, anka hana ɗalibai da yawa shiga ɗakunan majinyata, sai irin wannan koyarwa ta koma intanet: malami a gari guda, ɗalibai kowa a ɗakinshi, a nuna hoto, kowa ya ba da amsa, a gyara mishi nan take, ya maimaita sau ɗari in ya ga dama ba tare da wani yaro ya yi kuka ba.

Allo na koyar da ido, wannan ba gardama. Hannu kuwa sai kunne, ko na roba ko na abokin karatu: yadda ake jan kunnen babba sama da baya, na jariri ƙasa da baya, yadda ake riƙe otoskop kamar alƙalami a dafa kuncin yaro, don in ya fizge kai ƙarfen ya bi shi. Baki kuma, yadda za a ce ma uwa ta rungume ɗanta ta kwantar da kanshi a ƙirjinta, wannan sai an ji Hausa.

Abin da tarihin ga ke gaya muna

Na ɗaya, darasin du Coudray. In irin wannan koyarwa ta tsaya a fakilte a Yamai da Maraɗi da Damagaram, za ta gyara idon likitoci, abu ne mai kyau, amma yaron kaz ba zai gani a ƙasa ba sai bayan shekaru. Ɗaliban makarantun lafiya irin ENSP, da majo da ke bakin aiki, su ne sunka fi cancanta da ita. Kuma tunda mun san halin rezo da kuran da kuɗin kredi, a yi ta yadda za a sauke hotunan sau ɗaya a waya, a ci gaba da aiki ko babu intanet. Na’urar leƙen ma akwai mai araha: Arclight, wadda anka inganta tare da jami’ar St Andrews ta Sukotlan, da hasken rana ake cajinta. A Afirka ta Kudu masu bincike na jami’ar Pretoria, tare da De Wet Swanepoel, sun gwada koya ma ma’aikacin da ba likita ba ɗaukar bidiyon dodon kunnen yara, a aika ma ƙwararru ta intanet su duba.

Na biyu, darasin Politzer. Kunnuwan mutanen da ke gabanshi ya zana. Ɗalibinmu na bukatar ganin abin da zai tarar a CSI: dodo mai tsohuwar huda, rami cike da mugunya, ƙwarar wake ko tsakuwa da yaro ya tura, ƙwaron da ya shiga da dare, raunin tsinke. Kundin hotunan kunnuwan Adar, da izinin masu su kuma ba suna, likitocinmu ne za su iya tara shi.

Na uku namu ne, mu ƴan ilimin harshe da marubuta. Ana koyar da likitanci da Faransanci, ana jinya da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Wata uwa za ta ce mugunya, wata ta ce ɗiwa, wata ta ce ruwa kawai. “Tun yaushe?” ba za ta amsa da kwana 14 ba, za ta ce tun kasuwa biyu da sunka wuce, ko tun kafin Salla. Nan Nijar ma in mutum ya ce ya tafi likita, asibiti yake nufi, ba lokotoro ba. Duk shirin kwaikwayon da za a yi domin mu, ya kamata kowane hoto ya zo da muryar uwa tana ba da labarin ciwon yadda ake faɗi a nan, ɗalibi ya saurara kafin ya leƙa. Kuma a sa mishi tambayar da ke raba ma’ana biyu na “ba ya ji”: in kin kira shi ta baya, yana waiwayowa?

Wannan aikin bai bukatar tallafi daga waje. Hutu mai zuwa, duk wanda ya koma gida, Badagishiri ko Ilela ko Ƙonni ko Malbaza, ya ɗauki kaye ya zauna da tsofaffi da ungozomai da wanzamai. Ya rubuta yadda suke kiran sassan kunne, da ciwonshi, da ruwanshi, da abin da ake ɗigawa, da garin da ya ji kowace kalma. Mu haɗa, mu tace, mu kai ma abokanmu na fakilten lafiya su duba, mu buga a fitowa ta gaba. In kuma akwai ƙane ko ƙanwa a gida da ake ce ma kunnen ƙashi, kafin a sake jan kunnen, a kai shi inda za a leƙa ciki.